Baƙo da Harshen Masu Gida

'Yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, ko wace shekara wannan makaranta ta kan yaye waɗansu daga cikinmu, a rarraba su wuraren aiki. Wani a kai shi ƙasar Tibi, wani Barno, wani Adamawa, wani kuwa can kan duwatsun Filato. Mafi yawansu su kan tafi da harshe biyu a bakinsu, watau Hausa da Turanci, su yi shekara uku ko biyar a wurin, su komo ba su iya ko gaisuwar safe da harshen mutanen da suka yi wa aiki ba. In an tambaye su dalili sai su ce ai ko'ina ana jin Hausa. A ganinmu wannan aibi ne babba ga malami, yana rage albarkar aikinsa, yana kuma rage masa daraja a idon iyayen yara. Don mu nuna haka za mu kawo labarin waɗansu baƙi da suka zo ƙasar nan daga nesa, watau 'yan mishan na farko, mu duba irin zaman da suka yi da yadda suka koyi harshenmu.

Maganar addini kuwa ba ita ta tara mu a wannan shafi ba. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, ko wane ya san abin da ya riƙe. Amma in mutum ya ga maƙeri gwani yana aiki, ya kamata ya tsaya ya dubi hannunsa, ko da ba ya bukatar abin da a ke ƙerawa. Hannun waɗannan mutane wajen koyon harshe shi mu ke so a duba.

Da fari sai mu tuna irin halin da suka sami kansu a ciki. A 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa 3 su hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa 40 ko fiye daga cikin waɗanda suka shigo, sauran suka juya da ƙyar. A 1854 Likita Baiki ya sake hawa kogin, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu, amma sai a 1897 aka tabbatar sauro ne ke ɗaukar cutar. Ko bayan an san kwinin mutuwa ba ta daina bin su ba. A ƙarshen 1893 samari 3 suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, watau Gowans da Kent da Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. A wancan zamani ba jirgin ƙasa zuwa Kano, sai a 1911 ya iso. Tafiya a ƙasa a ke yi, ko bisa doki, da 'yan alaro a gaba da baya. Gida na laka ne da jinka, ruwan rijiya sai an tafasa, wasiƙa daga gida sai ta yi makonni a hanya, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. A cikin wannan hali ne mutum zai zauna da ɗan littafinsa yana tambayar yaron gida, mene ne sunan wannan, ƙaƙa a ke cewa kaza.

Wanda ya fara aza harsashin rubuta Hausa da boko wani Bajamushe ne, Shon, wanda mishan ɗin C.M.S. ta aika Saliyo a 1832. A can ya tarad da Hausawa cikin bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi, daga bakinsu ya fara tsintar kalmomi. Ya bi jiragen 1841 tare da Ajayi Kurauda, a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya komar da shi Ingila, bai kuwa taɓa sa ƙafarsa a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba har ya mutu a 1889. To, ƙaƙa mutumin da bai ga ƙasar Hausa ba ya rubuta nahawunta a 1862, da ƙamus a 1876? Amsar ita ce Dorugu. Shi yaro ne daga wajen Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi a Kukawa, ya yi wa matafiyin nan Bat hidima, wanda aka sani a ƙasashen nan da suna Abdulkarim, har Tambutu. A 1855 Bat ya tafi da shi Ingila tare da abokinsa Abbega. Dorugu ya zauna a gidan Shon, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da karin magana, Shon yana rubutawa. Mafi daɗin Hausar da ke cikin littafin Magana Hausa na 1885 daga bakin wannan yaro ta fito. Kafin zuwan Dorugu kalmomi ne kurum a hannun Shon, kamar tubali a zube. Da ya zauna da mai harshe dare da rana, sa'an nan ya ga yadda a ke ɗora su.

Waɗanda suka biyo baya sun gane wannan. A 1890 Buruk da Robinson babba suka zauna Lokoja, suka sa riga da rawani, suna cin abincin gari, don su kusanci fataken Hausawa. Su duka biyu suka mutu can, ɗaya a 1891, ɗaya a 1892. Ƙanen Robinson ya ɗauki aikin, ya fara koyon Hausa a Tarabulus da Tunis wajen Hausawan da ke zaune can, kāna ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya yi wata 3, ya koma ya buga ƙamus a 1899 da 1900. Likita Mila shi ma Tarabulus ya fara zuwa, zama a lokacin alhazai da fatake suna ratsa Sahara, akwai unguwar masu jin Hausa a birnin. A 1900 ya shiga ayarin Bishop Tagwel har Kano, Sarki Alu ya ce su fita daga garinsa cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. A 1905 Mila ya sami wurin zama cikin birnin Zazzau, yana ba da magani, yana koyar da yara, har aka ƙaura Wusasa wajen 1929. Shi ne ya ja ragamar fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, ya mutu a ƙasar nan a 1952, bayan ya yi fiye da shekara 50 a cikinta.

Sai kuma Bargeri, wanda ya zo a 1900 yana ɗan mishan, daga baya ya koma aikin ilmi na gwamnati. A 1921 aka ɗora masa aikin ƙamus, sai a 1934 aka buga shi, da kalmomi wajen 39,000. Ku duba, mutumin da ya riga ya yi shekara 20 yana jin Hausa, ya ƙara fiye da 10 yana bin ƙasa yana tambaya, yana rarrabe abin da Bakano ke cewa da abin da Basakkwace ko Bakatsine ke cewa. Har yau duk mai neman asalin wata tsohuwar kalma ya kan koma ga wannan littafi. Yabon gwani ya zama dole.

To, mene ne ya ba su wuya a harshen da mu mu ke yi ba tare da tunani ba? Na farko haruffan nan masu lanƙwasa, waɗanda babu su a harsunansu. Kunnen Bature ba ya rarrabe baki da baƙi, ko kara da ƙara, ko daka da ɗaka, ko bari da ɓari, sai ya daɗe yana saurare. Littattafan farko ba su rarrabe su sosai ba, daga baya aka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa, sai a shekarun 1930 aka tsai da lanƙwasar da mu ke rubutawa. Na biyu karin sauti da jan wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka kuka na ido da kuka ta miya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa da fari masu cinye gona. Takarda ba ta iya koya wa mutum wannan, sai kunne. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, shi ne ladabin magana: wa za a ce wa kai, wa za a ce wa ku, yaushe a ke cewa ranka ya daɗe, yaushe a ke cewa Allah gafarta malam, gaisuwa nawa a ke yi kafin a faɗi abin da ya kawo mutum, da me a ke yi wa wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya. Baƙon da ya haddace kalmomi 1,000 amma ya shiga zaure ba sallama, bai iya Hausa ba tukuna.

Duk waɗannan a cikin zaman yau da kullum suka koye su. Wanda ke ba da magani da safe tilas ya san bambancin ciwon ciki da murɗa, da zazzaɓi da masassara, in ba haka ba ya ba da maganin da ba shi ne ba. Wanda ke cefane tilas ya iya ƙirga wuri, ya san taya da albarka da gyara. Wanda ke gina ɗaki tilas ya san azara da tubali da makuba, ko kuwa magini ya yi masa abin da ya ga dama. Bukata ita ce malaminsu na fari, dariyar yara kuwa ita ce bulalarsu. Wanda ya ji kunyar dariya ya yi shiru, ya zauna da tafinta har ya koma gida. Wanda ya daure aka yi masa dariya yau, gobe ya gyara, shi ne ya iya. Matambayi ba ya ɓata.

Amma kada mu yi yabo har mu manta gaskiya. Akwai abu 3 da ya kamata a faɗa a kansu. Na ɗaya, sunayen Turawa ne a bangon littattafan, alhali kuwa malamai da fatake da yaran gida da tsofaffin mata ne suka ba da abin da ke ciki. Dorugu mun san shi don an rubuta labarinsa, mun kuma san ya komo ƙasar nan, ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya mutu a 1912. Sauran da yawa sunansu ya ɓace. Na biyu, iya harshe bai hana waɗansunsu raina masu shi ba. Akwai wanda Hausa ta zauna a bakinsa sarai, amma ya rubuta maganganu masu zafi a kan sarakuna da addinin mutanen da ya ke zaune a cikinsu, mutane kuwa suka ji, suka karɓi maganinsa, suka bar masa wa'azinsa. Harshe ya kan buɗe ƙofar zaure, amma hali ne ke sa a ce wa mutum ya shigo cikin gida. Na uku shi ya fi shafarmu. Da shi ke gwamnatin Lugga ta yi wa sarakunan Musulmi alkawari a 1903 ba za ta taɓa addininsu ba, aka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan, mafi yawan 'yan mishan suka koma wajen ƙabilun Filato da Binuwai da Adamawa da kudancin Zazzau. A can suka tarad da harsuna barjat, ko wane dutse da nasa. Waɗansu suka daure suka koyi harshen wurin, kamar Banfil da ya zauna cikin Nufawa har ya buga ƙamus na Nufanci a 1914, da waɗanda suka yi aiki a ƙasar Tibi har aka buga Littafi Mai Tsarki da harshen a 1964. Amma a wurare da yawa sai aka ɗauki Hausa don ta fi sauƙi, da ita a ke wa'azi, da ita a ke karatu. Hausa ta ƙaru da wannan, ba shakka, amma ƙananan harsuna da dama suka zauna ba a rubuta su ba, har aka sami jikoki waɗanda ba su iya hira da kakanninsu da harshen gida. Ashe hanyar nan mai sauƙi da mu ke bi yau an riga an bi ta, an kuma ga inda ta kai.

Mun san abin da za a ce mana. Wani zai ce su 'yan mishan suna da abin da ya tura su, mu kuwa albashi ya kai mu, kuma bayan shekara 2 ko 3 za a ɗauke mu a kai wani wuri, don me za mu wahala? Wani zai ce harsunan Nijeriya sun fi 500, wanne za a koya a bar wanne? Wani kuma zai ce da Turanci a ke jarrabawa, lokacin da za a ɓata wajen koyon Barbarci ko Angasanci gara a ƙara shi ga Turanci. Waɗannan maganganu suna da nauyi, ba mu raina su ba, amma ga amsarmu. Ba mu ce kowa ya zama Bargeri ba. Kalmomi 300 ko 400, da gaisuwa, da ƙirga, da sunayen abinci da na dangi, mai himma ya kan same su cikin 'yan watanni, sun kuwa isa su sāke zaman mutum da gari. Ba a kuma ce a koyi 500 ba, ɗaya tak a ke nema, na wurin da aka kai ka. Batun jarrabawa kuwa, yaro ɗan shekara 6 da ya zo makaranta ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci, in malaminsa bai iya ce masa zauna ko kada ka ji tsoro da harshen uwarsa ba, wata nawa za a yi kafin ya buɗe baki? Malamin da ya iya harshen yaro shi ya fi saurin koya masa Turanci, zama ya san inda harshen nan biyu suka saɓa, ya san harafin da zai ba yaron wuya tun bai furta ba.

Sa'an nan akwai maganar tafinta. Malamin da ba ya jin harshen gari, duk abin da zai faɗa wa uban yaro sai ta bakin wani, duk abin da uban zai faɗa masa sai ta bakin wani. In tafintan mai gaskiya ne, to, an yi sa'a, amma ko shi ya kan rage ya kan ƙara don ya gyara zance. In kuwa yana da tasa bukata, sai ya zama shi ne mai makarantar, malami yana zaune bai sani ba. Uwa kuma ba ta faɗa wa tafinta abin da ya hana 'yarta zuwa makaranta. Zuwa da kai ya fi aike. Baƙo, in ji Hausawa, makaho ne ko da yana da ido, harshe kuwa shi ne sandarsa.

Kada kuma wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Tun kafin su zo, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, yana yi wa Fulani da Fillanci, yana yi wa Hausawa da Hausa, ko da shi ke littattafansa da Larabci ya rubuta su. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta juya waɗansu daga wannan zuwa wancan don matan karkara su gane. Fatakenmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su yi ciniki da bebanci ba. Mu ne dai da muka sami boko muka ɗauka harshe biyu sun ishe mu duniya.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Ga hukumar makaranta, a keɓe sa'a ɗaya ko wane mako, a raba mu ƙungiya ƙungiya, ko wane ɗalibi mai wani harshe ya zama malamin 'yan'uwansa. Ba a bukatar kuɗi ko sabon littafi, zama malaman suna nan tare da mu a ɗakin kwana, muna cin tuwo kwano ɗaya da su, ba mu taɓa tambayarsu yadda a ke cewa sannu a garinsu ba. Ga 'yan'uwanmu masu fita bana, kowa ya sayi ɗan littafin aljihu, ya ɗaukar wa kansa kalma 5 ko wace rana, ya tambaye su a kasuwa da bakin rijiya da wajen tsofaffi, ya yi amfani da su a ranar, ya haƙura da dariya. Ya kuma rubuta sunan wanda ya ba shi ko wace kalma da garinsu, don kada mu yi wa malamanmu abin da aka yi wa 'yan'uwan Dorugu. In ya komo hutu ya kawo littafin a ajiye kwafinsa a ɗakin karatu, wanda za a aika wurin bayansa ya tarad da abin farawa. Ga malamanmu waɗanda suka zo daga wata ƙasa ko wani lardi, muna roƙonsu cikin ladabi su ma su shiga wannan sa'a, gama in ɗalibi ya ga malaminsa ya zauna yana koyo a gabansa, ba zai ƙara jin kunyar kuskure a ajin Turanci ba.

Mutanen da muka ba da labarinsu sun bar iyayensu da ƙasarsu, sun sha zazzaɓi, waɗansu sun bar ƙasusuwansu a Lokoja da Girku da Bida, duk da haka suka koyi harshen da ba shi da dangantaka da nasu ko kaɗan. Mu kuwa ƙasarmu ce, abincinmu ne, maƙwabtanmu ne, tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da gida. In sun iya da wannan wahala, ba mu da hanzari. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu kunnen saurare da haƙurin tambaya, ya sa mu zama masu amfani ga duk jama'ar da aka ba mu amanar 'ya'yansu, amin.